Tururuwar Bayan Gidanmu

Da hantsin wata Asabar Malam Shu'aibu ya faɗo zauren gidanmu, ko sallama bai ƙarasa ba, hularsa a hannu.

"Shef, an kashe ni. An shiga rumbuna. Damin irina biyu, babu su."

Ku da kuka tashi cikin ƙoshi, sai na tsaya na bayyana muku nauyin maganar nan. Shekarar 1974 ce, cikin bazara, bayan damina ta zo mana hannu wofi sau biyu a jere. Tabkin Madarumfa ya ja baya har awaki na kiwo inda dā ake jefa taru. A irin wannan shekara wanda ya saci tuwo ana iya cewa yunwa ce, amma wanda ya taɓa iri, abincin baɗi na gida guda ya ɗauke. Kuma irin Malam Shu'aibu ba irin kowa ba ne. Gero ne mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya sauka kansa. Kakansa ya zo da shi daga wajen Gabi, kuma duk unguwarmu shi kaɗai ke shuka shi.

Wanda ya kira Shef ɗin nan mahaifina ne, Ɗan Azumi. Ya shiga aikin gardi, dogaran gwamnati, tun zamanin Nasara, ya koma jandarma har ake ce masa Shef, ya yi Tasawa, ya yi Dakoro, ya ajiye kaki shekara shida kafin wannan rana. Bai iya dogon rubutu ba, amma ƙasa yana karanta ta kamar allo. Ɓarayin shanu sun san shi. Mu kuwa a gida wani mutum muka sani daban, mai ɗinke wa jikoki takalma, mai tsoron faɗan Inna Balaraba. Kullum da safe, kafin a yi shara, sai ya fito ya tsaya tsakar gida yana kallon ƙasa.

"Balaraba, sau biyu kika je randa. Rabi, ƙafarki ta hagu na ciwo, kina ɗaga ta. Wane ɗan ɓera ne ya yi sanɗa wajen kwanon ƙuli-ƙuli?"

Yara su fashe da dariya, mai laifi ya ɓuya bayan uwarsa. Ni ce Rabin. A lokacin ina da shekara ashirin da shida, mijina Usman ya tsallaka Najeriya neman abinci, ni da ƴaƴana uku muna zaune gidan Baba. Abin da zan ba ku, wani na ji ta bayan zana, wani Baba ya ba Inna ina wurin. Akwai kuma wanda ba wanda ya ba ni.

Baba ya ɗauki sandarsa ya bi Malam Shu'aibu.

Rumbun na kara ne, yana bayan gidaje inda gonaki suka fara. Mutane sun riga sun taru. Baba ya kora su baya da sanda, ya kewaya rumbun a hankali, ya durƙusa.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Jiya kafin sallar Juma'a na zagayo, lafiya lau."

"To, muna masallaci aka yi."

Ya nuna musu abu biyu. Ɓarawon bai ɗaga jinkar rumbun ba, sai ya ɓare karan ta gefe, ƙasa-ƙasa, ya janyo damin, sannan ya mayar da karan ya ɗaure. Sawu kuwa babu ko ɗaya, an share.

"Namiji in zai ɓatar da sawu, reshe yake ja a bayansa," in ji Baba. "Wannan shara ce. Ku duba, gajeru-gajeru, a jere, har an tattara ta gefe guda. Hannun da ya yi wannan kullum yana riƙe da tsintsiya."

Can gaba inda sharar ta ƙare, a kan hanya, ga sawun jaki da na amalanke sun nufi bakin tabki. Wani daga cikin taron ya ce, "Amalanken Sila!" Kafin Baba ya miƙe tsaye, maganar ta riga shi shiga gari.

Sila baƙo ne a wurinmu, Kirista, daga Maradi ya zo shekara tara da suka wuce. Mai unguwa Adamu ya ara masa fili a bakin tabki, yana lambun albasa da tumatir, yana dako da amalanke. Matarsa Saloma ita ta karɓi haihuwar autana ranar da ungozoma ta tafi biki Safo. A shekarun ƙoshi ba wanda ya damu da inda suke zuwa ran Lahadi. Yunwa ta sa aka fara lura da cewa ƴaƴansu ba su rame kamar namu ba.

Da yammacin Asabar ɗin nan mata na bakin rijiya, ana ta ƙus-ƙus. Wata ta ce ai Shef ya ce hannun mace ne. Wata ta ce ga sawun amalanke. Sai wata murya ta ce, "Ni dai ran Juma'a na ga hayaƙi na tashi gidan Saloma har la'asar. Mi ake dafawa haka a wannan zamani?"

Muryata ce. Zan dawo kan wannan.

Ran Lahadi da rana Baba ya sauka lambu. Ya tarar da Sila na jan ruwa.

"Sila, Juma'a ina kake?"

"Na kwaso taki daga bayan gari, Baba Shef. Hanyar rumbun na bi, ba zan ɓoye ba. Ba ni da wata hanyar."

"Ka ga wani?"

"Rana tsaka, wa zai fito? Jakina ma da ƙyar ya yarda."

"Mi kuke ci?"

Sila ya shiga ɗaki ya fito da buhu, ya buɗe. Garin masara ne rawaya, na taimakon majami'arsu.

"Wannan ne laifinmu. Saloma ta raba wa gida huɗu a unguwar nan, amma yau ba mai tunawa."

 Baba ya fita ya kewaya dangar gidan yana duban ƙasa, ya tsuguna wani wuri ya daɗe, ya ƙulle wani abu a bakin rigarsa.

Yana can Saloma ta zo gidanmu wurin Inna. Ba ta yi kuka ba. Ta ce samari sun jefi ƙofarta da safe, sun ce su koma inda suka fito. Na kawo mata ruwa a ƙoƙo. Da ta karɓa sai idonta ya tsaya kan hannuna, tafin duk ya yi ja, ya faffashe.

"Rabi, mi ya sami hannunki?"

"Igiyar guga ce."

Ta dube ni kaɗan. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan curin man kaɗanya ta ajiye mini a tafi.

"Ki shafa kafin ki kwanta. Yana sanyaya shi."

Da la'asar mai unguwa Adamu ya zo zaure da kansa.

"Shef, samari sun fi ƙarfina. Na ce su ba ka zuwa Talata. In ba ka kawo wani ba, zan karɓe filin, Sila ya kwashe iyalinsa. Gara ya tafi da ƙafarsa da a ƙone masa ɗaki."

"Albasarsa saura sati biyu ta isa cira."

"Na sani."

Akwai wani da Baba ya fi zato, Audu masunci. Tun da tabki ya ja baya ba shi da aiki, kuma an ga matarsa tana tankaɗe ran Asabar. Litinin da safe Baba ya same shi yana gyaran taru a ƙofar gida.

"Audu, an ce gidanka an yi tuwo."

"Laifi ne yanzu? To a kai ni gidan kaso, ko can ai ana ba da abinci."

"Tuwon mi?"

"Jar dawar taimako, wadda ko jaki sai ya yi tunani kafin ya ci. Kwana biyu na yi a layi a Maradi. Shiga ka duba tukunya, Shef, amma kar ka ɗanɗana, ba ta ishe mu ba."

Baba bai shiga ba. Ya zaga bayan gidan ya tsuguna, Audu na biye da shi.

"Mi kake nema a gidan tururuwa? Tsufa ya zo ke nan?"

Nan ne Baba ya faɗi abin da yake yi tun jiya.

"Wanda ya ɗauki damin nan ba zai sa shi a turmi ba. Yau a unguwar nan in taɓarya ta yi ƙara sau uku, kowa ya san gidan. Da hannu zai murza, a ɓoye, ƙaiƙayin kuma dole ya zubar ko ya binne. Mutum zai iya ɓoye wa maƙwabci, amma tururuwa ita ma yunwa take ji. Za ta tono shi, ta shige da ƙwaya, ta watso ƙaiƙayi a bakin raminta. Na Sila ƙarangiya ce da ɓawon masara. Naka ga shi, jar dawa. Ni mai gashi nake nema."

Wunin ranar haka ya yi shi, gida-gida, tsoho ɗan shekara sittin da wani abu, yana tsugunawa yana tashi cikin rana. Gida talatin da ɗaya. Audu bai bar shi ba, abin ya zame masa kallo. Da suka gama na ƙarshe ba su sami komai ba, Audu ya yi dariya.

"To Shef, saura gida ɗaya. Ko tururuwar gidan jandarma ita ma tana da kaki, ba a bincikarta?"

Baba ma ya yi dariya. Ya ce, "Gaskiyarka," ya juyo gida shi kaɗai.

Ina tsakar gida ina tsince rama na ji ƙarar sandarsa ta bi ta bayan katanga, ta wajen madafa, inda muke zubar da toka. Ta tsaya. Na ƙirga numfashina, ban san ko nawa ba. Ba ta sake motsi ba har inuwa ta kai bakin randa.

Da ya shigo bai dube ni ba. Ya ce wa Inna ta kai yara maƙwabta. Da suka fita ya ce, "Rabi, ɗauko mini tulun iri."

Irin gidanmu a tulu yake, an sussuke shi, an gauraya da toka, an liƙe baki da laka tun kaka. A ɗakina ake ajiye shi don ya fi sanyi. Na ɗauko na dire gabansa. Ya shafa lakar da babban yatsa, ya ji sabuwa ce.

"Lakar wata bakwai ba ta yin haka."

Ya fasa, ya ɗebo a tafi, ya hura. Toka ta tashi. Tsakanin ƙwayoyin ga ƴan guntayen gashi, siraran nan masu shiga fata.

"Nuna mini hannunki."

Na nuna. Man Saloma na nan yana ƙyalli a kansu.

Sai na faɗa masa. Tun watanni uku baya, da hatsi ya ƙare sai rama da dusa, autana ya daina kuka, ya koma kallo kawai. Na fasa tulun na ɗebi tafi ɗaya na niƙa a dutse na yi masa kunu. Na ce tafi ɗaya ba zai nuna ba. Washegari na ƙara. Ranar da hannuna ya taɓa gindin tulu, ranar hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na ga Baba na gyara sungumi yana waƙa. Na kasa zuwa na ce masa babu abin da zai zuba a rami. Ran Juma'a da maza suka tafi masallaci na ɗauki tsintsiya da tsohon zane na fita.

Baba ya mayar da ƙwayoyin da ke tafinsa cikin tulu.

"Da kin zo kin ce mini iri ya ƙare, da na ce jikokina suka ci, Alhamdu lillahi. Wa na tara wa? Rumbun Shu'aibu ma, in na matsa wa zuciyata, sai na ce tsoro ne." Ya ɗago ya dube ni. "Bakin rijiya fa, Rabi? Uwarki ta ba ni labarin hayaƙi. Can ma yunwa ce ta kai ki?"

Ya ture tulun gefe, ya ci gaba. 

"Kuma da mun shuka shi? Wata uku gonar Ɗan Azumi ta fito da kai mai gashi, a bakin hanya, kowa na wucewa. Lokacin Sila na ina? Wa zai je ya dawo da shi?"

Ban yi wannan tunanin ba, wallahi. Ni dai tulu nake so ya cika.

Talata da hantsi aka taru ƙarƙashin tsamiyar ƙofar mai unguwa. Malam Shu'aibu na zaune kan buzu. An sa Sila a tsakiya, Audu a gefensa don shi ma ana zarginsa, samari sun kewaye su. Mu mata muna bayan zana muna leƙe. Saloma na tsaye kusa da ni, ba mai yi mata magana.

Sai ga Baba ya ɓullo. Bai sa kakinsa ba, ko da yake yana nan cikin akwati a ninke. Tsohuwar riga ya sa, ga tulu a kansa, ya ɗauko shi da gammo kamar mace ta dawo daga rijiya. Wasu yara suka fara dariya, manya suka kwaɓe su. Ya sauke tulun a gaban mai unguwa, ya kwance ƙulli uku daga bakin rigarsa ya jera a kan tabarma.

"Wannan daga ramin tururuwar gidan Sila. Ƙarangiya da masara. Wannan na gidan Audu, jar dawa. Shu'aibu, matso ka duba na uku."

Malam Shu'aibu ya ɗauka ya kai kusa da ido. 

"Nawa ne. Ko cikin dubu na san shi. A ina?"

"Bayan madafar gidana. Ga irinka a tulu. An murza shi amma ba a ci ba, zai tsiro."

 Audu ne ya fara magana, muryarsa ta canza.

"Shef, wallahi ni wasa nake yi jiya."

"Na sani, Audu. Allah ya yi maka albarka."

Mai unguwa ya gyara zama. "To wane ne a gidan? Mutum goma sha huɗu kuke."

"Gidan nawa ne. Abin da ya shiga, a ƙarƙashin idona ya shiga. Abin da za a yi wa ɓarawo, ga ni."

"Shef, ba haka ake yi ba. Kai ka fi kowa sani."

"Shekara ashirin da takwas ina kawo muku ƴaƴan wasu da igiya a ƙugu. Yau na kawo abin da zan iya kawowa."

Sannan ya juya wajen Sila, ya cire hula, ya durƙusa. Tsohon da komanda, babban mai mulkin yanki, ke miƙa wa hannu, ya sa gwiwa a ƙasa gaban mai dakon taki.

"Sila, an jefi ƙofarka saboda abin da ke cikin gidana. Ka yafe mana."

Sila ya ruɗe, ya kama shi yana ɗagawa. "Haba Baba Shef, tashi, don Allah tashi."

To, nan ne wurin da ya kamata na ɗaga zanar nan na fita. Taku goma ne. Na sha ƙirga su a zuciyata daga baya. Na ce wa ƙafata tafi, ta ƙi. Na cusa hannuwana cikin zane na tsaya, ina kallon ubana a ƙasa. Saloma ta juyo ta dubi inda na ɓoye hannun, ta mayar da kai.

Malam Shu'aibu ya ce shi irinsa ya dawo, ba ya neman kowa. Ya ɗebi mudu biyu ya ce Shef ya shuka. Baba ya ƙi karɓa. A wannan daminar gonarmu wake kawai ta gani, wanda Sila ya kawo da kansa ya ajiye a zaure ya tafi.

Sila ya cire albasarsa, ya ci gaba da zamansa a unguwar. Gari kuwa ya yi ta magana. Wasu suka ce Inna ce, wasu suka ce ƙanena, wasu suka ce ai tsohon ne da kansa, dama masu kaki haka suke. Ba a sake zuwa kiran Baba bin sawu ba. An saci raƙumi a Safo, aka aika har Maradi neman wani, yana zaune a zaure yana ji.

Ni bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yana ɗinke takalman ƴaƴana kamar dā, yana ajiye mini tsokar kifi in an samu. Abu ɗaya ne ya sake. Washegarin taron, da asuba, daga cikin ɗaki ya ce, "Balaraba, a yi shara kafin na fito." Haka kullum. Sai ya ji tsintsiya ta gama sannan ya ɗaga labule. Yara suka yi ta tambaya ina wasan Kaka, har suka gaji suka manta. Ni ce mai sharar. Ku yi tunanin abin da nake ji kowace safiya.

Damina biyu aka yi haka. Usman ya dawo, ruwa ya dawo, tabki ya cika. Wata rana da la'asar, ban shirya ba, na ga kaina a hanyar lambu. Saloma na dashen albasa, laka har idon sawu. Na tsaya a kanta na faɗi duka, rumbun da rijiyar, ban rage ba.

Ba ta daina dashen ba.

"Na sani tun ranar da kika ba ni ruwa. Na sha yi wa matar Malam Shu'aibu sussuka, na san abin da geron nan ke yi wa hannu."

"Kika yi shiru? Ana jifan ƙofarki?"

"Wa zai yarda da ni a kan ɗiyar Shef? Kuma yaron nan da kika yi wa kunu, ni na yanke masa cibi." Ta miƙo mini damin dashe. "Na rijiyar ne ya yi mini ciwo, Rabi, ba zan ɓoye miki ba. Shigo ki kama mini, rana na faɗuwa."

Na shiga lakar. Muka yi dashe har muka gama kwamin, ina kuka tana gyara mini layi. Daga nan na wuce gidan Malam Shu'aibu, na wuce na mai unguwa, ƙafata ba wanki.

Ban faɗa wa kowa a gida ba. Washegari na ɗauko tsintsiya zan fara, sai na ji labule ya motsa. Baba ya fito, yana dogara sanda, ya tsaya tsakar gida yana kallon ƙasa. Ya bi wani sawu da ido tun daga zaure har ƙofar ɗakina. Baƙar laka ce ta bushe a gefensa, irin wadda babu ita ko'ina sai bakin tabki.

"Rabi, jiya kin je lambu."

"Na je, Baba."

"Kin daɗe a can."

"Na daɗe."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ya nuna wani ɗan ƙaramin sawu da bakin sanda, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"To, wane ɗan ɓera ne ya yi sanɗa wajen kwanon ƙuli-ƙuli?"

Shekara uku ya ƙara a duniya, Allah ya jiƙansa. Har ranar da ya kwanta ciwon ajali, ba a sake share tsakar gidanmu ba sai ya gani.